Tsakuwa Uku a Gindin Dutsen Tukunya

A bazarar da ta biyo bayan ƙidayar mutane ta biyu, wadda aka sake don an ce ta farko ba ta yi ba, muka hau Dutsen Tukunya mu uku, muka sauko da dutsen niƙa guda ɗaya. Ina riƙe da shekarar ne saboda malaman ƙidaya sun tarar da ni a zaurenmu na Shema ina ɗinkin salka. Ɗayansu ya tambayi sana'ata, na ce ina sassaƙa dutsen niƙa. Ya ɗago kai ya ce, "Har yanzu ana yi?" Na ce ana yi. Lokacin ban iya boko ba, amma da abokin aikinsa ya maimaita abin da aka rubuta, sai na ji ya ce manomi.

Ku samarin da muke zama aji ɗaya a Dutsin-Ma da la'asar muna koyon baƙaƙe da wasula, ranar da malam ya ce kowa ya faɗi sana'arsa na faɗi tawa, kun yi dariya. Wani a bayana ya ce, "Baba, dutse fa? Ai ga shi nan ko'ina, sunan garin ma ke nan. Sunkuyawa kawai za ka yi ka ɗauka." Yanzu da hannuna ya fara sabawa da alƙalami, ga yadda ake sunkuyawar.

Duwatsun da kuke gani kewaye da Dutsin-Ma da Kurfi ba na niƙa ba ne. Ƙwayarsu babba ce, tana zubewa. In mace ta niƙa dawa a kansu, maigida zai ji yashi a haƙori tun lomar farko. Ana yin na araha da su, ba na musu, mu ma mun yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Amma dutsen da mace za ta yi aiki da shi har ta bar wa ɗiyarta, mai ruwan toka, mai ƙananan ƙwaya, wannan sai ka bar gari ka nufi yamma. Ka wuce gonaki, ka wuce rugage, ka shiga dajin da ba shi da hanya sai ta shanu. Ka kwana a hanya, ka sake kwana, sannan ka ga kan Dutsen Tukunya ya leƙo ta bayan itatuwa. Ganinsa kuma ba isa ba ne. Za ka wuni kana tafiya yana gabanka kamar yana ja da baya.

Kawuna Barau, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mani. Na yi damina biyu a hannunsa bai bar ni na ga dutsen ba. Aikina koɗa ne, wato in ɗauki makoɗi, ƙwallon baƙin dutse mai tauri, in bi gida gida ina dukan duwatsun niƙan da suka yi santsi don su sake kama hatsi. Dutsen farko da na koɗa na wata tsohuwa ne a Karofi. Na zauna na yi ta duka da ƙarfi don a san namiji ya zo. Kawu ya shafa wurin da tafin hannu ya ce, "Ummaru, koɗa na ce ka yi ko faɗa? Wanga ramin da ka yi, gari zai kwanta ciki shi yi tsami." Ya karɓi makoɗin ya nuna mani. Ba daga kafaɗa ake dukan ba, daga wuyan hannu ne, a bar nauyin makoɗin ya yi aikin, sara kusa da sara kamar yayyafi a kan yashi. Dutsen nan Kawu ne ya saro shi tun yana saurayi. Tsohuwar kuma ita ce uwar Inna Delu mai ƙosai, wadda za ku ji labarinta a gaba.

Tafiyar farko da ya yarda na bi shi, sai da ya shimfiɗa kayan a tsakar gida ya sa na ɗaga kowanne na ji nauyinsa. Akwai babbar guduma, ta mahaifinsa ce, ƙota ake sake mata amma ita ba a taɓa sake ta ba. Akwai sandar ƙarfe ta ɓamɓara, da ƙananan ƙarafan tsaga, da makoɗi, da gatari, da igiyar rama mai kauri. Akwai ƙyastu, don ashana tana ƙarewa. Akwai salkunan ruwa. Guzuri gumba ce da ƙuli-ƙuli da garin dawa da kuka da daddawa da gishiri. Ba ma ɗaukar tabarma, buzu ɗaya ya isa mutum salla da kwana. Takalmin fata na daji ne. In an zo hawa sai a cire shi a rataya a wuya, don fata tana zamewa a kan dutse, tafin ƙafa kuwa yana kamawa.

Jakai ba namu ba ne. Na Ila ne, sa'ana, mutumin Karofi, kuma yana da kasonsa a cikin duwatsun da aka sauko da su. Jakansa uku, Duna da Auraki da Goho. Ila mutum ne mai baki. Tun daga Shema har gindin dutse hira yake yi da su, yana ba Goho labarin bashin da wai uban Goho ya ci bai biya ba. In Kawu ya ce ya yi shiru, sai ya ce, "Kawu, su ne ke tambaya."

Tafiyar tana da ƙa'idarta. Ana tashi bayan asuba, a yi ta yi har rana ta yi zafi, a nemi inuwa a sauke wa jakai kaya, a sake ɗaurawa da la'asar. Ba a yada zango a cikin rafi ko da ya bushe, ba a kuma kwana a bakin kogon da ba ka leƙa cikinsa da rana ba. Jakai a tsakiya, wuta a gefen da iska take fitowa, buzu a kakkaɓe shi kafin a zauna saboda kunama. Ruwan ƙarshe yana wani rafi mai yashi, sai an tona. Daga nan zuwa gindin dutse tafiyar wuni ce cur, babu rijiya, babu ruga.

Dutsen yana da kafaɗa a tsakiyar tsayinsa, wani shimfiɗaɗɗen wuri mai ciyawa a tsagogi. Nan jakai suke tsayawa. Daga nan sai mutum, da hannu da ƙafa, ƙirji yana gogar dutse. Ranar da na fara isa kansa na miƙe tsaye, na ga daji a shimfiɗe ta ko'ina, ga hayaƙin ƙauyuka siriri can nesa, ga duwatsun Kurfi kamar ƙananan tukwane a kife. Shirwa tana shawagi a ƙasa da ni. Duk rayuwata cikinta nake gani, ranar nan na ga bayanta. Kawu bai bar ni na daɗe ina kallo ba. Ya ce, "Kallon ya isa, zo ka ga uwar aikin."

Uwar aikin ita ce tukunyar da dutsen ya ci sunanta. Rami ne a cikin dutsen, bakinsa ƙarami, cikinsa faɗi, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Ruwan sama ne yake cika shi, mai sanyi har yana kama haƙori. Mutanen da suka riga mu sun rufe rabin bakin da fale-falen duwatsu don kada rana ta shanye ruwan, kada birai su ɓata shi. Sun kuma sassaƙa wata siririyar hanya a jikin dutsen, wadda take tattaro ruwan sama daga can ƙololuwa ta zuba shi ciki. In babu hanyar nan, ruwan gangarewa yake yi ta ɗaya gefen ya tafi banza. Kowace shekara yashi da ganye suna toshe ta, saboda haka waɗanda suka yi hawan ƙarshe kafin damina su ne suke share ta su yashe ramin. Galibi mutanen Kurfi ne suke yi. Ba wanda ya ɗora masu, ba wanda yake biyansu.

Da ruwan tukunyar nan ake sha, da shi ake tuwo, shi ake saukar wa jakai a kafaɗa. Da shi kuma ake fasa dutse. Za a ƙwanƙwasa wuri da guduma a saurara, inda ya yi amo kamar ƙwarya nan fale yake kwance a kan uwarsa. A jera itacen marke da busasshen kashin shanu daidai faɗin da ake so, a hura wuta, a yi ta ƙara mata tun safe har bayan azahar. In dutsen ya ɗau zafi, a share garwashi da ɗanyen ganye, a tsaya daga nesa da ƙwarya ɗaure a bakin doguwar sanda, a kwarara ruwan sanyi a kan layi. Sai ka ji ya yi ƙara kamar an harba bindiga. Wani lokaci ya fashe yadda ake so. Wani lokaci ya rabe gida biyar, ka koma ɗebo itace ka sake daga fari. Ba a damuwa, ruwa yana nan.

To, ga abin da nake so ku riƙe. A gindin dutsen, inda hawa yake farawa, akwai tsamiya, kusa da ita akwai wani dutse mai rumfa wanda ruwan sama ba ya shiga ƙarƙashinsa. Nan ake barin alama. Duk waɗanda suka sauko sai su ajiye farar tsakuwa. Uku, tukunya cike take. Biyu, ta yi rabi. Ɗaya, na sha ne kawai, kada a hura wuta. In babu ruwa sai a kwashe tsakuwar a ajiye gawayi. A zamanin da na shiga sana'ar, masu hawa suna da yawa, na Kurfi, na wajenmu, na ƙauyukan yamma, wasu na sauka wasu na hawa, alama ba ta kwana da yawa ba a sake ta ba. Ba a taɓa jin wanda ya yi ƙarya da ita ba. In ka ga uku, sai ka ba jakai duk ruwan rafin da ka ɗauko su sha su ƙoshi, ka yi alwala, ka zuba sauran a gindin tsamiya, ka hau da salka wofi. Mai hankali ba ya hawa dutse da nauyin ruwa a baya alhali ruwa yana jiransa a sama.

Masu sayen kayanmu mata ne, ko da kuɗin daga aljihun namiji ya fito. A kasuwar Dutsin-Ma mace za ta tsuguna ta shafa dutse, ta kunce bakin zane ta ɗebo ɗan gero, ta niƙa a gabanka, ta sa a baki ta tauna tana kallon idonka. In ta tofar, kada ka yi magana. In ta haɗiye, ciniki ya fara. Na ga wadda ta zagaye duwatsunmu duka tana taunawa tana tofarwa, ta dawo kan na farko ta ce shi take so, ashe tun fari ta gane, so take mu gaji.

Bayan mulkin kai da kaɗan aka kawo injin niƙa Dutsin-Ma, ba a jima ba aka kawo Kurfi. Ba ni da faɗa da inji. Na san bayan mata ya huta, na san macen da take tashi niƙa tun kafin kiran salla ta sami barci. Amma mu ya ci mu. Muka kai duwatsu kasuwa muka dawo da su. Hawanmu na ƙarshe mun yi shi bayan kaka, mun bar tukunya cike. Kakar da ta biyo baya, wato ta ƙidaya, na ɗinke salkuna na shafa masu mai, amma ko mutum ɗaya bai zo neman dutse ba, ba mu je ba. Ila ya koma kai wa inji buhunan dawa da jakansa. Ya ce sun fi son aikin, hanya miƙaƙƙiya, ga dusa.

Ana cikin zafin bazara sai ga Inna Delu a ƙofar Kawu, ta tako tun daga Karofi. Mijinta ya rasu, da ƙosai take riƙe da gida. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Barau, dutsen da ka saro wa uwata ya rabe biyu."

Kawu ya ce, "Ya yi ƙoƙari. Ai ga inji nan Dutsin-Ma, Delu."

Ta ce, "Na kai. Kafin in isa wake ya fara tsami, ƙullun ya dawo mani da zafi kamar kunu, shina warin baƙin mai. Na buga, na buga, ya ƙi tashi. Na saka a mai ya nutse kamar tsakuwa. Kasuwa biyu ke nan ina komawa gida da ƙosai."

"Akwai na gari nan a zaure, ɗauki ɗaya kyauta."

"In sayar wa mutane da yashi? Na Tukunya nike so."

"Bazara ce. Ba a hawan aiki yanzu."

Ta gyara lulluɓi ta ce, "To ka ce mani ka tsufa, in yi maka sannu in koma."

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ummaru, tafi ka kira Ila."

Tafiyar ta yi wuya tun daga hanya. Ganye ya zube, inuwa ta yi ƙaranci, a rafin ƙarshe sai da muka tona har iya kafaɗa, ruwan yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan, muka ɓata rabin wuni kafin salkuna su cika. Da muka isa gindin dutse Ila ya riga mu leƙa ƙarƙashin rumfar. Ya ɗago yana rawa ya ce, "Uku, Kawu! Uku reras! Goho, yau za ka sha kamar ɗan sarki." Kawu ya leƙa da kansa ya ce alhamdu lillahi. Muka yi yadda aka saba. Jakai suka sha suka ƙoshi, muka yi alwala, Ila ya juye ƙwarya guda a kansa, sauran muka ba tsamiya.

A kafaɗa muka tarar da busasshiyar ciyawa har gwiwa, ba abin da ya taɓa ta. Ila ya yi murna saboda jakai. Muka ɗaure su muka hau. Da muka janye murfin tukunya, wari ne ya fara tarbar mu. Kawu ya ɗauki dutse ya jefa ciki. Ba mu ji tsulum ba, ɗaɓ muka ji. Ya miƙe ya bi hanyar ruwan da kallo. Ta cika da yashi, ciyawa ta tsiro a cikinta har ta bushe. Ruwan damina guda ya wuce ta bayan dutse. Can gefe ga wurin wutarmu ta hawan ƙarshe, ga guntun marken da na bari rabinsa a ƙone, yana nan yadda na ajiye shi. Babu tokar kowa bayan tamu.

Ila ya ce, "Wane ɗan banza ne ya ajiye ukun nan?"

Kawu ya ce, "Kai ne. Da hannunka, bara waccan."

Ku da kuka yi dariya, na san za ku ce wauta ce. Ba wauta ba ce. Alamar ba ta yi ƙarya ba, ranar da aka ajiye ta gaskiya ta faɗa. Mutanen da za su sake ta ne suka daina zuwa, kowa a garinsu yana zaton saura suna hawa. Mu ma haka muka zata.

Ila ya ce mu sauka yanzu, tun cikin jakai yana da ruwa, mu koma gida. Kawu ya juyo gare ni. Ya ɗaura mani igiya a ƙugu suka zura ni ciki. Laka ce har gwiwa, baƙa, mai sanyi. Na tona rami a wuri mafi zurfi, ruwa ya fara taruwa a hankali. Ina ɗebo lakar a ƙwarya suna ja, suna zubawa a rawanin Kawu suna matsewa. Kafin rana ta faɗi mun sami salka biyu, ruwan kamar jiƙon kanwa. Daga nan ramin ya daina kawowa.

Kawu ya ajiye su gefe da gefe ya ce, "Wagga ta dutse ce. Wagga tamu."

Ila ya ce, "Ta jakai fa?"

"Sun sha."

"Kawu, don Allah, a kan ƙosai? A ce mutum uku da jaki uku sun mutu a kan ƙosai? Wane limami ne zai yi mana salla bai yi dariya ba?"

Kawu ya ce, "Mace ta tako ƙofata ta ce tana son dutse. In na koma na ce mata babu, ba wadda za ta sake taka ƙofar mai dutse a ƙasar ga. Jakanka ne, Ila. In za ka sauka, ga hanya, ɗebi kasonka na ruwa, ba zan riƙe ka a rai ba."

Ila ya zagi inji, ya zagi wake, ya zagi ranar da ya san mu. Ya ɗauki gatari ya tafi neman marke.

Da gari ya waye Kawu ya daɗe yana ƙwanƙwasa dutse kafin ya zaɓi wuri, don ya san zubi ɗaya muke da shi. Muka hura wuta. Zafin sama, zafin ƙasa, zafin wuta, ruwan sha kuma kurɓa ɗaya in harshe ya manne. Nasa kason Ila bai sha duka ba, na gan shi yana jiƙa tsumma yana sauka kafaɗa yana matsa wa jakai a baki. Bayan azahar na share garwashi. Na ɗauko doguwar sandar da ake ɗaura ƙwarya, Kawu ya ce in ajiye, da ita rabin ruwan a banza zai zube. Ya rungumi salkar ya durƙusa a bakin dutsen mai zafi, ya kunce bakinta kaɗan, ya bi layin da ita a hankali kamar mai zuba mai a fitila. Dutsen ya yi ƙara. Wani ɓallin ya tashi ya same shi a idon hagu. Kansa ya yi baya, amma hannunsa bai motsa daga layin ba sai da salkar ta ƙare. Sannan ya zauna ya dafe fuska, jini yana bin yatsunsa, ya ce, "Sa ƙarfe, Ummaru, kada shi huce."

Na sa sandar ƙarfe, Ila ya danna, falen ya ɗago gaba ɗaya, ba tsaga ko ɗaya. Muka ɗaure wa Kawu ido da ƙyallen riga. Da dutsen ya huce ya lalube shi da hannu daga wannan gefe zuwa wancan ya ce, "Ya yi."

Ni na rage masa nauyi, ina sarewa yana shafawa yana cewa nan, ba nan ba. Na fitar da ɗan dutsen da ake riƙewa a hannu daga ɓarin da ya rage. Washegari da sassafe muka gama, salkarmu saura ɗan abin da ke motsi a gindi. Na fara naɗe igiya, sai Kawu ya ce, "Hanyar ruwa."

Ila ya ce, "Me?"

"Mu ne hawan ƙarshe kafin damina."

Ila ya lashi leɓɓansa da suka tsage, ya ɗauki ƙarfe. Muka bi hanyar nan da ƙarfe da farce tun daga ƙololuwa har bakin tukunya, muka tuge ciyawa, muka kwashe yashi, muka gyara murfin. Sannan muka zura dutsen da igiya a kan guntayen itace, taku bayan taku, har kafaɗa. Jakai suna tsaye kawunansu a ƙasa. Muka ɗora wa Duna dutsen don ya fi ƙarfi, Goho ya ɗauki ƙarafa, Kawu ya hau Auraki don zazzaɓi ya fara kama shi.

A gindin dutse Kawu ya ce a tsaya. Ya sauka yana dafa ni, ya tsuguna a rumfar, ya kwashe tsakuwa ukun ya ajiye gefe, ya ciro gawayi daga aljihu ya ajiye.

Ila ya ce, "Wa zai gani, Kawu? Birai?"

"Wanda zai zo."

"Ba mai zuwa."

"To in ba mai zuwa, ba a same mu da ƙarya ba."

Duna ya durƙusa kafin rana ta take, bai sake tashi ba. Muka mayar da dutsen kan Goho, gudumar da sandar ƙarfe muka cusa su a kogon wata kuka muka toshe da ƙaya. Goho ya yi ta tafiya yana haɗa ƙafa, Ila yana gefensa yana riƙe da dutsen da kafaɗa, ya daina yi masa hira. Muna hango itatuwan rafi ya faɗi. Muka saro reshe mai baki biyu, muka ɗaure dutsen a kai, ni da Ila muka ja shi a ƙasa kamar shanun huɗa har yashin rafi. Da hannu muka tona. Wani Bafillace da ya kawo shanu wurin ya ga halin da muke ciki, ya ba mu nono, ya ara mana takarkari, sansa na ɗaukar kaya, har bakin gonaki.

A gida na gama sassaƙar, na koɗa shi, na kai Karofi. Inna Delu ta ji abin da ya faru tun kafin in iso. Ta ɗebo jiƙaƙƙen wake ta durƙusa ta niƙa, ta lakato da yatsa ta sa a baki ta tauna tana kallona. Ta haɗiye. Ta ce, "Ɗan dutsen ya yi wa hannuna girma, Ummaru, rage shi." Na zauna na rage. Ranar kasuwa ta aiko wa Kawu da suyar farko a cikin ganye. Yana kwance da ido a ɗaure ya ɓantara ya duba cikin da idon da ya rage, ya ga ya tashi, ya ci guda uku, ya ce a gaya mata gishiri ya yi kaɗan.

Bayan kaka na koma ni kaɗai da jakin aro. Kogon kuka a buɗe, ba guduma ba sandar ƙarfe, wani ya riga ni. Gawayin Kawu yana nan a rumfa. Na hau na janye murfi, tukunya ta cika har tana taɓa falen. Da na sauko na cire gawayin na ajiye uku. Tun daga lokacin ban fasa ba, ina hawa kafin damina in share hanya, ina hawa bayan kaka in yi aiki. Masu nema ba su da yawa, masu ƙosai ne da masu ƙuli-ƙuli da masu haɗa magani, amma suna nan, kuma ban taɓa ce wa ɗayarsu babu ba. Wanda ya ce sunkuyawa ce, bayan an gama yankan gero zan tafi. Ya zo da salkarsa.

Abin da muka rasa a waccan tafiya ga shi. Jakai biyu, Duna da Goho. Idon Kawu na hagu. Babbar guduma da sandar ƙarfe. Salka ɗaya da zafin dutse ya ƙona. Da Ila, wanda ya sayar da Auraki ya kama aiki a gidan inji, muna gaisawa har yau amma bai sake hawa ba. Abin da muka sauko da shi dutse ɗaya ne. Yana Karofi, ɗiyar Inna Delu ce take niƙa a kansa yanzu.